Telar da Ke Ƙona Aisi

Shekara ashirin da biyu Yaya ta yi tana yanka yadi kafin ta taɓa jin sunan wani abu wai shi aisi. A wani babban shagon ɗinki ta yi su, mai kekuna goma sha biyu da fanka ɗaya mai kuka, ita tana can ƙuryar shagon gaban teburin yanka, tef a wuya, alli a bayan kunne. Masu ɗinki in sun yi kuskure sai su farke su sake, ita kuwa ba ta da wannan gatan, don abin da almakashi ya raba ya rabu. Shi ya sa ta kafa wa kanta doka tun tana sabuwar hannu, cewa ba ta yanka wa mutumin da ba ta auna da hannunta ba. Ka aiko da awo a takarda, ka aiko da tsohuwar riga, ka rantse cewa jikinka bai canza ba tun bara, duk ɗaya ne a wurinta, sai ka zo. Daga nan abokan aiki suka laƙaba mata Sai-na-gani, amma a bayan idonta suke faɗa.

Da mai shagon ya rasu 'ya'yansa suka sayar da ginin, sai Yaya ta koma gida ta zauna. Wata bakwai ta yi, kuma a wata bakwai ɗin nan babu abin da bai canza wuri ba a gidan. Mijinta, tsohon direba mai son zaman lafiya, ya wayi gari bai san inda takalminsa yake ba, bai san inda rediyonsa take ba, kujerar da ya saba zama ma an ce ba ta dace da labule ba. Ran nan ya sa hula ya tafi wurin ƙaninta, ya roƙe shi don girman Allah ya samo mata aiki, ko na ƙirga ƙusa ne.

Ƙanin nata shi ne autan gidansu, shekara goma sha ɗaya ta ba shi, a bayanta ya girma. Yanzu yana da ɗan kamfanin haɗa fitilun caji a saman bene, kan wani shagon fenti, ma'aikata tara da dogayen tebura uku. A wurin kowa Injiniya ne. A wurinta Auta ne, ko da yake ta yi alkawarin ba za ta kira shi haka a gaban mutane ba, ta kuma riƙe alkawarin har kusan kwana biyu. Shi yana ce mata Yaya, sai kowa ya ɗauka, har wani dattijo mai gadi da ya girme ta nesa ba kusa ba.

Da farko kwali aka ba ta ta riƙa naɗewa. A rana ta uku ta ga wani gwangwanin madara a kan tebur cike da wasu baƙaƙen abubuwa ƙanana, ta tambaya, Auta ya yi tsaki ya ce gawarwaki ne. Ya ɗauko ɗaya ya ɗora mata a tafin hannu. Bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da 'yan ƙafafu na ƙarfe a gefe. Wannan, in ji shi, shi ne aisi, mai gadin batir a cikin fitila. Shi ke buɗe wa wuta hanya ta shiga, shi ke cewa ya isa haka. Daga masana'anta fanko yake zuwa, bai san wane irin batir zai yi wa aiki ba, sai an gaya masa iyakar ƙarfin wutar da batirin ke cika a kai, da yawan wutar da za a riƙa ɗura masa, da zafin da in an kai za a dakata, da awa nawa za a jira kafin a haƙura.

Hanyar gaya masa kuma biyu ce. Akwai ta gwaji, a sa shi a na'ura a rubuta masa lambobi daga kwamfuta, ya yi aiki da su, da an cire wuta ya manta komai. Akwai kuma ta dindindin. A cikinsa akwai wasu 'yan fiyus da ido ba ya gani, na'ura ta aika musu wuta mai ƙarfi ta ƙone waɗanda aka zaɓa ta bar sauran. Daga ranar, duk sanda aka kunna shi, sai ya duba waɗanne suka ƙone waɗanne suka rage, a nan yake karanta umarninsa. Fiyus ɗin da ya ƙone kuwa babu mai mayar da shi, ko wanda ya ƙera shi. Gwangwanin nan aikin masu sauri ne, waɗanda suka danna jan maɓalli kafin su duba lamba.

Yaya ta juya abin a hannunta, ta ce, “Wato alli da almakashi ke nan. To, me ya sa kuke ba yara almakashi?”

Yaran da take nufi akwai mai 'ya'ya huɗu a cikinsu. Amma washegari aka ja mata kujera gaban na'urar, kuma tun daga ranar gwangwanin bai ƙaru da ko ɗaya ba.

Ba ta san lantarki ba, ba ta kuma yi ƙaryar sani ba. Abin da ta sani shi ne yadda ake tunkarar abin da ba ya gyaruwa. In sabon aiki ya zo, sai an kawo mata batirin da kansa. Ta sa gilashi ta karanta rubutun jikinsa, ta kwatanta da takarda. Ta sa lambobin gwaji, ta haɗa batirin, ta zauna tana kallon mita har ya cika, tana ɗora bayan hannunta a jikinsa kamar mai duba zazzaɓi. In komai ya yi daidai sai ta ƙona aisi ɗaya tak, ta kashe wuta, ta kunna, ta karanta abin da ya riƙe, ta sauke batirin ta sake cika shi da wannan ɗayan. Sai bayan haka take sakin hannu, kuma in ta saki babu mai kamo ta, ɗari biyu take ƙonawa kafin a tashi. Duk tiren da ta gama sai ta zaro allin bayan kunnenta ta ja masa layi a gefe. Gwanar dalma, wata doguwar mata mai yawan dariya da ke manna aisi a kan allon wayoyin cikin fitila, ba ta taɓa tiren da babu layin nan, ko wa ya miƙo mata.

Wannan gwajin yana cin yini ɗaya da rabi, a nan kuma matsalar take. Auta yana da abokin kasuwanci wanda ya zuba rabin jarin kamfanin, mutum mai kirki a ƙasan zuciya amma ba ya iya magana minti ɗaya bai kalli hannunsa ba, har ma'aikata suka sa masa Mai Agogo. Shi a ganinsa yini da rabi na kallon mita ɓarnar lokaci ce, kuma bai ɓoye ba cewa da ba 'yar'uwar Injiniya ba ce da tuni an samo mai zafin nama. Sau biyu ya kawo maganar a sallame ta. Yaya ta sani, don bangon ofishin katako ne. Ta kuma san ba ta son komawa gida. Tana son kujerar nan, tana son warin dalma da hayaniyar bene, tana son a wayi gari akwai inda ake jiranta, kuma a shekarunta ba kowace ƙofa ce za ta sake buɗe mata ba.

Ana nan sai wani dillali da suka saba yi wa aiki ya ba da odar fitila ɗari huɗu, da sharaɗin a gama cikin sati biyu. Shi ke kawo batiransa, kamar kullum, sai dai wannan karon kayan sun makale a hanya. Kwana uku suka wuce babu batir. Aisi ɗari huɗu na zaune a tire, gwanar dalma na zaune tana yanke farce, Mai Agogo na hawa bene yana sauka.

A rana ta huɗu Auta ya zo teburinta da takardar aikin bara ta wannan dillalin. Ya ce mutum ɗaya ne, fitila ɗaya ce, sau uku suna yi masa, batirinsa kullum a bolt huɗu da ɗigo biyu yake cika. Ya ma kira shi a waya, ya ce a ci gaba, komai kamar da. A ƙona kawai, in batir ya iso sai haɗawa. Yaya ta karanta takardar har ƙasa, ta miƙa masa, ta ce ta taɓa yi wa wani mutum riga sau biyar, a na shida ya zo da tumbi. Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Auta ya rage murya ya ce wannan ba shagon ɗinki ba ne, kuma shi ne mai kamfani.

“Kai ne mai kamfani, Injiniya,” in ji ta. “Amma ban ga batir ba.”

Wannan Injiniya da ta faɗa ya fi masa Auta zafi. Ya juya ya shiga ofis, inda Mai Agogo ke jira, kuma ta bangon katako kowa ya ji an ce wannan ne karo na ƙarshe, in aikin nan ya makara saboda ita, to, ta tafi. Yaya ta ci gaba da goge na'urarta da tsumma kamar ba ta ji ba.

Washegari da safe tana da ganin likitan ido, za a canza mata gilashi. Ta dawo wajen ƙarfe ɗaya ta tarar ɗakin ya yi wani irin shiru, kowa ya duƙufa kan aikin da babu shi. Kujerarta an ɗaga ta sama, irin yadda dogon mutum ke so. A gefen na'ura ga tire ɗaya, aisi sittin a jere, babu layin alli. Gwanar dalma ta matso kamar za ta ari almakashi, ta raɗa mata cewa Injiniya ne, ya zauna da kansa ya ce yau zai nuna wa mutane aikin ba tsafi ba ne, ya kai sittin aka kira shi a waya. Wai ya miƙo wa ita gwanar tiren ta manna, ita kuwa ta ce ƙarfen dalmarta bai yi zafi ba, kuma har yanzu, ikon Allah, ya ƙi yin zafi.

Yaya ta sauke kujerarta, ta ɗauki tiren ta ajiye a kan teburin gefe, ta rufe da takarda saboda ƙura. Auta ya dawo ya ga haka, ya wuce ofis. Yinin nan 'yan'uwan biyu suka yi ta gaisawa da ladabi mai yawa, irin wanda ke nuna akwai magana.

Batiran suka iso kwana biyu bayan haka, da hantsi, kwali takwas. Mai gadi ya hau da na farko yana haki, aka farke. Yaya ta zaro ɗaya, tun kafin ta sa sabon gilashinta ta ji ya fi na da nauyi kaɗan, rigarsa kuma toka-toka maimakon shuɗiya. Ta karanta rubutun sau biyu. Wani iri ne daban, mai cika a bolt uku da ɗigo shida. Ashe dillalin ya samu waɗannan sun fi daɗewa, ya saya, shi kuma a wurinsa batir batir ne tunda girman ɗaya ne kuma yana shiga ramin fitila. Da ya ce komai kamar da, da zuciya ɗaya ya faɗa. Aisin da aka ƙona wa huɗu da ɗigo biyu kuwa, in aka haɗa shi da irin wannan, zai yi ta ɗura masa wuta bayan ya ƙoshi, yau da gobe har ya kumbura ya mutu a hannun wanda ya saya.

Ta miƙa wa Auta batirin ba tare da ta dube shi ba. Ya karanta, ya sake karantawa.

Mai Agogo ya karɓa ya karanta shi ma, aka yi masa bayani, ya yi hamdala cewa ba a ƙona komai ba. Sai idonsa ya kai kan tiren da ke teburin gefe. Ya ɗaga takardar, ya tambaya waɗannan fa. Wani ya ce ƙonannu ne. Ya tambaya da wace lamba, aka gaya masa. Ya tsaya yana ƙirga layuka da yatsa, shida sau goma, fuskarsa na canzawa, don aisin nan daga nesa ake odarsu kuma sai su yi wata ba su zo ba. Sannan ya juyo wurin Yaya, tunda duk kamfanin an san mutum ɗaya ke zama gaban na'urar nan. Ya ce, cikin ladabi har da ɗan tausayi, ita da ta tsayar da aiki kwana shida a kan sai ta gani, yaya aka yi ta ƙona sittin ba ta gani ba?

Mutum tara sun san gaskiya, amma ba a kan bakin ma'aikaci za a ji laifin mai gida ba. Yaya ta duba lamarin ta ga ai mai sauƙi ne. In aka ce ita ce, ta tafi gida, shi ke nan, dama ana neman dalili. In aka ce shi ne, girmansa ya zube a gaban ma'aikatansa da abokin kasuwancinsa, shi da ya yi shekara goma yana gina wurin nan. Kuma ba yau ta fara ba. Tun yana ɗan shekara biyar in ya fasa kofi ita ke cewa hannunta ne ya kuɓuce, in ya ɓatar da kuɗin aike ita ke shan faɗa, har abin ya zame mata jiki, ba ta ma tunani. Zuciyarta ta yi nauyi saboda kujerar, amma ta gyara tsayuwa ta buɗe baki.

“Yaya, dakata,” in ji Auta. Ya juya wurin abokinsa. “Ni na ƙona su. Ta ce a jira batir, na ƙi ji, na bari ta tafi asibiti na zauna a kujerarta. Da ba a kira ni a waya ba, da ɗari huɗun duka na ƙona, da yanzu ba mu da ko ɗaya. Ɗari uku da arba'in ɗin da suka rage, ita ta tsirar da su.”

Ya faɗe shi da ƙarfi yadda har mai gadi a bakin bene ya ji. Kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi don kunya, amma bai sunkuyar da kai ba. Mai Agogo ya dubi tiren, ya dubi kwalayen, ya yi lissafin abin da ya kusa faruwa, sai ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce a yi haƙuri, Yaya, shi ma yana cikin masu cewa a ƙona. Gwanar dalma ta sanar da cewa ƙarfenta ya yi zafi yanzu, ɗakin ya fashe da dariya.

Saura maganar sittin da suka gaza. Yaya ta bar su suka yi ta juya ta kusan minti goma, wannan ya ce a roƙi dillali ya karɓi ɗari uku da arba'in, wancan ya ce a nemo a kasuwa ko da tsada, don a ganinta ɗan gumi ba zai kashe su ba. Sannan ta tambaya, kamar abin ya faɗo mata ne yanzu, ko ba akwai aisi ɗari a kabad da aka ajiye don ƙananan tocilan na wata mai zuwa ba, kuma ko ba tsohon irin batir tocilan nan ke amfani da shi ba. Aka ce haka ne. Ta ce to a ɗebo sittin fanko daga can a cika wannan aiki, waɗannan kuma a ajiye wa tocilan, in ta gwada ta ga sauran lambobin sun dace. Rigar da ta yi wa wani yawa ai ba ta lalace ba, mai ita ne bai zo ba tukuna. Auta ya duba takardun biyu ya ga lambobin ɗaya ne, ya dafe kai yana dariya.

Ta yi gwajinta na yini da rabi, babu wanda ya hau bene ya sauka a kanta. Mai Agogo da kansa ya kawo mata shayi, ya tsaya yana kallon mita tare da ita, har ya tambaya ko zai iya taɓa batirin ya ji zafin. Fitilun suka fita ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, don kowa ya zage, Injiniya ma ya naɗe hannun riga ya zauna ɗaura sukurori.

Ranar da abin ya faru, da ta koma gida da yamma, mijinta na zaune a kujerarsa, wadda ta koma inda take tun da aka samo wa matarsa aiki. Ya ga ta ajiye jaka ta zauna ba ta cire takalmi ba, ya tambaya ko lafiya, ko an sallame ta ne. Ta ce a'a, kujerarta na nan daram. Ta ba shi labari tun daga kwali har zuwa shayi, yana ta dariya, amma da ta zo wurin da Auta ya ce ta dakata sai ƙwalla ta zo mata. Murna take yi, murna sosai, sai dai a ƙarƙashin murnar akwai wani ɗan abu mai ciwo, don kusan shekara arba'in tana tare masa faɗa, yau ya nuna mata ba ya bukata.

“Auta ya girma,” in ji ta, tana share ido da gefen mayafi.

Mijin ya ce mutumin da ke da furfura a gemu da 'ya a jami'a, ai da sauran lokaci. Ta jefe shi da matashin kujera, ta tashi ta ɗora ruwan zafi.